Gaisuwar Mutanen Maruda Ta Ƙi Dahuwa

A sana'armu ta ɗaukar bidiyo akwai wani aiki da ba mai gani, kuma shi ne mai cin rai. Bayan ka gama ɗauka, ka zauna ka yanke nan ka liƙa can, sai ka miƙa wa kwamfuta ta narkar da guntayen ta fitar da su fim guda. Yaran yanzu suna ce masa rendarin. Ni dahuwa nake ce masa, don ba shi da maraba da dahuwar ganda: ka ɗora, ka koma gefe ka yi tagumi. Kwamfutar da ke shagona a bakin kasuwar Gwandu kuwa ta manyanta kamar mai ita, tare muka fara furfura. Idan aiki ya samu, nakan ɗora mata da yamma, in bar ta a kan batirin sola in tafi gida. Da safe in tarar ta gama, ko ta kusa, ko ta yi fushi ta fasa. Mun saba da juna a haka, ba wanda ke jiran abin mamaki daga ɗan'uwansa.

Aikin da zan ba da labarinsa ba biki ba ne, ba suna ba. Dubiya ce. Baba Bawa, wani tsohon manomin albasa na Maruda, ya kwanta ciwon ciki, sai 'yarsa Sumayya, malamar makaranta a Kalgo, ta ɗauke shi ta kai gidanta. Mutanen Maruda suka dinga cika mota suna zuwa. Kowa sai ya zauna, ya jera sannu, sannan ya kawo labarin wani da irin wannan ciwon ya kashe. Likita ya ce a rage. Sumayya ta hana zuwa ɗungurungum, gari ya ɗauki fushi da ita. Da ta ga abin zai zama gaba, sai ta yi dabara. Ta kira ni in je Maruda da kyamara, kowa ya yi dubiyarsa a gabanta, a kai wa tsoho ya kalla a talabijin kafin a wuce da shi Sakkwato a yi masa aiki.

"Amma Malam Zayyanu, in faɗa maka gaskiya," in ji ta a waya, "mutum ɗaya yake jira. Ƙaninsa, Baba Abu. Sun daɗe ba sa magana, tun wata rigimar iyakar gona. Ko lokacin da mutane ke zuwa, shi bai zo ba. Baba ba ya kama sunansa, amma duk sallamar da aka yi sai ya ɗaga kai. In ka samo min Baba Abu, ko sauran ba su fito ba ka gama aikinka. Ba na son a shiga da shi tiyata da wannan abu a ransa."

Na kuwa samo shi. Wuni na yi a ƙarƙashin wani dogonyaro a Maruda, kyamara a kan ƙafafunta, mutane a layi kamar ranar zaɓe. Liman ya yi tasa, mai gari ya yi, dattawa suka biyo. Sai da rana ta yi sanyi, na fara naɗe waya, Abu ya ɓullo daga wajen gonaki da laka a ƙafa. Ya tsaya a gaban kyamara ya gaida yayansa kamar mai sanarwar ɓatan akuya. Ban damu ba. An ce in samo shi, ba a ce in samo shi yana murmushi ba.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai sai in ɗauki kyamarar in nufi Kalgo. Ba haka abin yake ba. Mutanenmu suna zaton da zarar sun rufe baki, kyamara ma ta rufe kunne. Sai mutum ya gama "Allah ya tashi kafaɗunka," ya juya ya ce da na kusa da shi, "Anya kuwa? An ce hanjin ya ruɓe." Wannan ita nake kira wutsiya, kuma kusan kowa ya bar min tasa. Ta Abu ta fi ta kowa tsawo da ƙaya. Dole in bi su ɗaya bayan ɗaya in datse. Amma wutsiyar kaɗai ake taɓawa, don dubiya ba a taƙaita ta. Ka rage wa mutum "ya jiki" guda daga cikin jerin da ya yi, zai ji labari, kuma zai zo shagonka. Ka cire shi gaba ɗaya, ka mayar da shi wanda bai duba maras lafiya ba, gorin da zai bi shi har jikoki. Haka fim ɗin ya tashi sama da awa guda, ba komai a ciki sai sannu.

Na raba shi kashi uku, na jera yadda ake jera mutane. Kashi na farko manya. Na biyu maƙwabta da abokan noma. Na uku na gida, don na gida ba ya shiga gaban baƙo. Abu, da yake shi ne mafi kusa, shi ne can ƙarshe. Na gyara launi, na sa abin da ke hana hoto rawa, na rubuta sunana a farko da harufa masu juyawa. Saura dahuwa, kuma ina da sauran kwanaki, a yadda aka faɗa min.

Da hantsi Sumayya ta kira. An samu gado a asibiti, yau ake son su, da an yi la'asar za su kama hanya.

Na ɗora kashi na farko na dubi ɗan layin da kwamfuta ke faɗin lokacin da ya rage mata. Na haɗa da sauran biyun a kaina. Ko da ba ta yi ƙarya ba, kuma takan yi, sai bayan isha za ta sauke. Ga kuma hanyar Kalgo a kan babur, ta Ambursa da Birnin Kebbi.

Sai na kira Ezekiel. Mutumin Zuru ne, yana gyaran kwamfuta a Kalgo, kuma shi ya sayar min da wannan tun tana da ƙuruciya. Ni ina ce masa Injiniya, shi yana ce min Darakta, kowa ya san ɗan'uwansa zolaya yake yi.

"Rage ingancin hoton, Darakta," ya ce bayan ya ji bayani. "Ka sauke shi ƙasa, kafin azahar ta gama duka. Tsoho ne zai kalla a talabijin ɗin ɗaki, ba sinima za ka kai ba."

"Sunana ne a jiki, Injiniya."

"A jikin me? A jikin ya jiki?"

"Ni ban taɓa fitar da aiki dishi-dishi ba."

"To cire abin hana rawar nan. Shi ke cinye mata ƙarfi."

"Hannuna yana rawa yanzu. Kana so duk Maruda su sani?"

Ya yi tsaki, na ji yana ajiye wani ƙarfe a kan tebur. "Akwai wata hanya, amma ba na son koya maka, don na san halinka. Furosesar da ke cikin na'urar nan, wato ƙwaƙwalwarta, irin wadda ba a kulle ba ce. Kamfani ya yanka mata iyakar gudu, kamar yadda ake ɗaure totur ɗin sabon babur. Ana iya kwancewa. Obakulok ake ce masa."

Ya sa na kashe ta na kunna, ina danna wani maɓalli ba ƙaƙƙautawa har wani shafi ya buɗe wanda ban taɓa gani ba duk zamanmu da ita. Kamar ka shekara da shekaru a gida, rana ɗaya a nuna maka wani ɗaki a bayan sito. Ya kai ni wajen wata lamba, talatin da biyar.

"Wannan ita ce gudunta. Mai da ita talatin da takwas. In ta zauna lafiya, ka gwada arba'in. Kada ka wuce nan. Kuma ka saurare ni, Darakta, ba rabin lokaci za ta rage maka ba. In ka ƙara mata gudu kashi ɗaya cikin goma, abin da za ka samu ke nan, wataƙila ma bai kai ba. Zafi kuwa sai ya ninka ribar. Ka sa ido a kan ma'aunin zafi, in ya haura tamanin ka sauko."

"Na ji."

"Ba ka ji ba, amma dai na faɗa."

Da ya kashe waya na yi lissafi. Arba'in ba za ta kai ni Kalgo kafin la'asar ba. Ba zan ce ban fahimci gargaɗinsa ba, na fahimta sarai. Amma akwai wani tunani da ke zuwa wa mutum in ya kusa hamsin, cewa dokoki an yi su ne don waɗanda ba su san na'urarsu ba. Na rubuta arba'in da huɗu. Ko a lokacin bai faɗo min a rai in fara ɗora kashi na uku ba, wanda Abu ke ciki. Wa ke zuba wa na gida abinci baƙo yana zaune? Na ɗora liman da mai gari.

Kai, ta yi gudu. Layin nan da na saba gani yana jan ciki kamar hawainiya sai ga shi yana tafiya kamar mai zuwa karɓar bashi. Lokacin da ya rage ya zube. Na jingina da kujera ina tunanin shekarun da na ɓata ina jiran na'urar da ashe ƙeta kawai take yi min. Ban gama wannan tunani ba allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, da wata 'yar fuska mai ɓacin rai a kusurwa. Ta mutu ta sake tashi. Abin da ta dafa duk ya zube.

"Nawa ka sa?" in ji Ezekiel da na sake kiransa, ko sallama bai amsa ba.

"Arba'in."

"Darakta."

"Da 'yan kai."

"Allah ya shirye ka. Wuta ce ba ta ishe ta ba. Ka ce jaki ya yi gudun doki, ba ka ƙara masa harawa ba. Ko ka sauko, ko ka ƙara mata ƙarfin wuta. Ni dai sauka na ce."

"Ina wajen wutar yake?"

Ya nuna min, da muryar mai miƙa wa mahaukaci ashana. "Ɗan kaɗan. Kamar gishiri a miya."

Na zuba kamar gishiri a miyar gidan biki. Na sake ɗora liman. Wannan karon ba ta faɗi ba, sai dai ta kama huci. Bazara ce, rufin shagona kwano ne, kuma rana ta fara hawa tsaka. 'Yar fankar da ke cikinta ta dinga kuka kamar injin markaɗe. Ma'aunin zafi ya wuce tamanin ko waiwaye bai yi ba, ya wuce casa'in. Daga nan sai na ga abin da ban yi tsammani ba. Layin ya rage gudu, lokacin da ya rage ya fara ƙaruwa maimakon raguwa. Ashe idan zafi ya kai mata wuya, ita da kanta take taka burki don kada ta ƙone, har ta koma ƙasa da inda kamfani ya ajiye ta. Na ƙara mata gudu, na ƙara mata wuta, ga ta nan tana tafiya a hankali fiye da jiya. Na san wannan hali. Haka nake in na sha shayi mai kauri don in yi aiki, sai in ƙare da ciwon kai a kan benci.

A nan Hassan ya leƙo. Shi ne mai kayan miya a rumfar da ke jikin shagona, mutum ne da bai taɓa ganin matsalar da ba shi da maganinta ba.

"Maƙwabci, mi ka hwaruwa? Tun ɗazu nike jin kuka kamar ana yanka."

"Zafi ne ya yi mata yawa."

Ya shigo ya ɗora bayan hannunsa a jikinta kamar mai duba yaro. "Subhanallahi. Wagga ai masassara ta. To mi kaka jira? A yi mata abin da aka yi ma tumatir."

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa da bazara ya san abin da yake nufi. Buhu ake jiƙawa a lulluɓe kwandon tumatir ko jarkar ruwa, iska na bugawa abin da ke ciki yana sanyi. Na buɗe baki zan yi masa bayanin cewa ruwa da lantarki ba sa ga maciji, sai na dubi layin nan, na rufe bakina. Muka kwance murfin gefen kwamfutar, cikinta ya fito fili. Muka jawo babbar fankata ta tsaye muka saita ta. Hassan ya kawo buhu ya jiƙa, na sa ya matse shi sosai, muka rataya a kan igiya tsakanin fanka da na'ura.

Abin haushin shi ne ya yi aiki. Da bai yi ba, da yanzu ina da kwamfuta. Iska mai sanyi ta ratsa buhu ta shiga cikinta, ma'auni ya fara sauka, ya dawo saba'in da wani abu ya tsaya. Burkin ya saki, layi ya miƙe. Kafin a kira azahar manya sun dahu, na juye su a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a talabijin. Na ɗora maƙwabta, na je na yi salla a gurguje, ina sujada ina jin kukan fanka a kunnena, Allah ya yafe min. Na dawo na tarar Hassan ya bar rumfarsa ya zauna a kujerata yana yi wa wasu mutum biyu bayani.

"Ilimin ga duk ɗaya ne," yake ce musu. "Da tumatir da kwamfuta, kowa sanyi shika so."

Sumayya ta kira ina cikin juye kashi na biyu. "Malam Zayyanu, kana ina? Mun fara sa kaya a mota."

"Ina hanya," na ce, ina zaune.

Saura na gida. Kashin bai kai sauran tsawo ba, amma ko a wannan sabon gudun zai ci lokacin da ba ni da shi. Na dubi ma'aunin zafi yana zaune lafiya, na dubi buhu, sai na ji wani ƙarfin hali irin na wanda ya ci caca sau biyu. Na sake shiga ɗakin nan na bayan sito. Na mai da lambar arba'in da shida, na ƙara gishiri. Na ɗora matan gida da 'ya'ya da jikoki, da Abu a can ƙarshe.

Ta ɗauka da gudu, zafi kuma ya taso da gudu. Buhun ya fara bushewa.

"Hassan, ƙara ruwa."

"A sauke shi a jiƙa?"

"Ba lokaci. Zuba a nan."

Ba zan ɗora masa laifi ba, ni na ce ya zuba. Shi dai nasa shi ne ba ya yin abu rabi. Ya ɗaga buta ya tuttula wa buhun tun daga sama, fanka kuwa tana kan lamba ta ƙarshe. Na ga feshin da idona, ɗan siriri, har da kyau a cikin hasken ƙofa. Sai na ji ɗas, kamar an taka busasshiyar gyaɗa. Allo ya yi baƙi. Wani wari ya tashi irin na babbakar kan akuya.

Na danna maɓalli. Na sake dannawa. Na cire wayar wuta na mayar. Hassan ya tsaya da buta a hannu.

"Ko barci ta yi?" ya ce.

Ban kira Ezekiel ba. Akwai maganar da mutum ya riga ya san yadda za ta kasance, ba sai ya saya da katin waya ba. Na sa filashi a aljihu, na rataya jakar kyamara don ban saba fita ba ita ba, na ce da Hassan ya ja min ƙofa.

Hanyar ba abin da zan ce a kanta sai zafi. Kwalta tana walƙiya, iska kamar daga bakin tanda, babur ɗina yana nishi a ƙarƙashina. Sau ɗaya na ji hannuna yana son murɗa totur har ƙarshe, na tuna abin da na baro a shago, na sassauta.

Na isa Kalgo ana fitowa daga la'asar. Mota a ƙofar gida, but a buɗe, mijin Sumayya, Nasiru, yana cusa katifa. Sumayya ta tare ni a zaure, na faɗa mata a tsaye, ban yi kwana-kwana ba.

Ta dube ni. "Malam Zayyanu, mutum ɗaya na roƙe ka. Ka kawo min duk Maruda ban da shi."

"Yana ƙarshe ne, Malama."

"Wa ya sa shi a ƙarshe?"

Amsar tana tsaye a gabanta tana zufa.

Baba Bawa yana kwance a falo a kan tabarma, an tokare shi da matasai, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na gaishe shi, na soka filashi a talabijin. Sunana ya fito yana juyawa, ba wanda ya kalla. Da liman ya bayyana ya yi sallama, sai tsoho ya gyara hula ya amsa da ƙarfi.

"Wa alaikumus salam, Liman. Lahiya lau. Da sauƙi. Amin, amin, na gode."

Haka ya yi wa kowa. Ba wanda ya gaishe shi bai amsa ba, kuma bai yarda a tsallake kowa ba. Nasiru ya leƙo ya nuna agogo, Sumayya ta ce, "Baba, ko a ɗan tura gaba?" Ya ce, "Mutum na gaishe ni ki tura shi?" Wani lokaci yakan ƙara da nasa. "Wanga ya yi ƙiba, albasa ta yi kuɗɗi bana." "Wanga rigar aro ce, na san mai ita." Hoton kuwa ya fito tas, ko rawa babu, kana iya ƙirga gashin gemun mai gari. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon ingancin aikina kamar mai kallon kyakkyawan gini a filin da ba nasa ba.

Amma na lura da shi. Duk sanda wani ya gama, kafin na gaba ya fito, sai wuyansa ya ɗan miƙe. In ya ga fuskar, sai ya koma kan matashi ya amsa.

Maƙwabci na ƙarshe ya yi amin, allo ya yi baƙi. Tsoho ya ci gaba da kallonsa.

"Su ke nan?" ya ce.

"Akwai na gida, Baba," in ji Sumayya. "Na'ura ce ta samu matsala. Duk sun gaishe ka."

"Duka?"

Na matso na durƙusa. "Duka, Baba. Har Baba Abu. Ni na ɗauke shi da hannuna, ya ce Allah ya ba ka lafiya."

Ya juyo da ido ya dube ni, irin kallon da ake yi wa dillali. "Ɗana, kowa na gane shi da idona. Shi ɗai ne zan ji ga bakinka?" Ya mai da fuska bango. "Ku ɗauke ni mu tahi."

Sumayya ta dubi jakar da ke kafaɗata. Ni ma ita nake tunani. Ɗanyen ɗaukan yana cikin kyamara, da wutsiyarsa da komai. Na yi mata raɗa cewa akwai maganar da bai kamata ya ji ba. Ta ce, "Ka tsayar kafin nan. Ai ka san wurin." Na san wurin kuwa, da ya ce amin sai in danna.

Na lalubo Abu a ɗan allon kyamara, wanda bai fi tafin hannun yaro ba, na kai gaban tsoho. "Baba, ga shi."

Bai juyo da sauri ba. Da ya juyo, sai ya kama kyamarar da hannu biyu ya jawo ta har kusa da hancinsa, yatsunsa suka rufe maɓallan gaba ɗaya. Na ja kaɗan, ya riƙe. Ban san maras lafiya yana da irin wannan ƙarfi ba.

Hoton yana rawa, launin ya koɗe, ga Abu a tsaye yana kallon gefe. "Yaya, sannu. Allah shi ba ka lahiya, shi sa kaffara ce. Amin."

Tsoho bai amsa ba. Yatsana yana neman hanya tsakanin nasa, babu.

"Ka kashe abin?" in ji Abu a cikin allo.

"Na kashe," in ji muryata, tana ƙarya a gaban kowa.

"To ka hwaɗa ma ɗiyatai, albasar tsohon ga ni na cire ta, tana ajiye cikin rudu, rumbunta. Ya dasa ta cunkushe kamar kullum, ba shi jin magana tun muna yara. Kwana da kwanaki ina duƙe cikin gonar da yac ce ƙahwata kar ta sake takawa, bayana kamar shi karye. In ya ga dama shi kwanta can shi mutu shi bar ni da wahala, halinai ne."

Sumayya ta rufe baki da gefen mayafi. Nasiru, da ya shigo ɗaukar jaka, ya tsaya da ita a hannu. Ni kuwa ina durƙushe ina tunanin ko akwai wata sana'a da mutum zai iya farawa a shekaruna.

Baba Bawa ya saki kyamara. Ya dafa gwiwar hannu ya ɗago, abin da Sumayya ta ce min daga baya ya kwana biyu bai yi da kansa ba.

"Ya cire?" ya ce. "Wa yas sa shi? Ganyenta bai kwanta ba sadda nib baro ta! Ɗanya ya cire min, ruɓewa za ta yi cikin rudu!"

"Baba, ai ka daɗe a nan, ta isa cira."

"Ke mi kis sani ga albasa? Kira min shi."

"Baba, mota tana jira, an ce kada mu yi dare."

"Kira min shi na ce!"

Ta kira. Wayar Abu ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Sumayya ta sa wayar a kunnen uban, shi kuwa ko sallama bai yi ba.

"Kai Abu! Wa yab ba ka izinin shiga gonata?"

Daga inda nake ina jin muryar Abu tana fita ta cikin 'yar wayar, shi ma da ƙarfinsa. Nasiru ya yi min alama da kai, muka kama tabarmar, shi ta wajen kai ni ta wajen ƙafa, muka ɗaga tsoho da matasansa. Sumayya tana biye tana riƙe masa waya a kunne, muna ratsa tsakar gida yana faɗa, muna ratsa zaure yana faɗa. A ƙofar mota sai da muka jira ya kai aya kafin ya yarda a lanƙwasa shi.

"Cunkushe? Ni za ka koya ma dashe? To ka buɗe rudun ta sha iska, kar ka taɓa min komi sai na dawo. Ka ji ko? Sai na dawo!"

Nasiru ya tayar da mota. Sumayya ta sauke gilashi, idonta ya yi ja, amma muryarta ta malamar makaranta ce.

"Malam Zayyanu, sauran na gidan, ka haɗa mana su kafin mu dawo."

"In sha Allahu," na ce, kamar mai abin haɗawa.

Suka ja, muryar tsoho tana fita ta taga har suka hau kwalta. Na juya wajen babur ɗina, na dafa sirdin na ji shi kamar kaskon suya. Na janye hannu da sauri. Na samu dakalin ƙofar gidan na zauna, da jakar kyamara a cinya, ina jiran rana ta ƙara sauka.